Kalkuletar Malam Hamman

Litinin, 17 ga Nuwamba 2014, bayan la'asar

Allah ya yi wa 'yan sintirin unguwarmu albarka. Garuruwa na ta faɗuwa a arewa da mu, kowa a Jimeta ya ɗaure jakarsa ya ajiye bayan ƙofa, amma Zubair da mutanensa, da gora uku da tocila ɗaya da ni na sayar musu, sun yi kamun da ba a taɓa yin irinsa ba a Luggere. Sun kama kalkuleta. Da suka ga ba za ta iya tafiya da ƙafarta ba, sai suka haɗa da mai ita.

Mai ita shi ne Malam Hamman, malamin lissafi daga Gulak, wanda ke kwana a ɗakin zaurena tun watan Satumba da suka gudo. Yayar babansa, Gogo, tana ciki wajen matata, uwar Yusrah. Liman ne ya kawo mini su, na ce to, don ba abin da ke ɗakin sai kwalayen caja. Kwana huɗu suka yi a ƙafa. Ita ta iso da kwanon samira ɗaya mai murfi, shi ya iso da kalkuleta a aljihun gaba. Ba takarda, ba hula ta biyu. Na ce, Malam, mutane na gudu da shanu, kai ka gudu da wannan? Ya ce shanun sun ƙi shiga aljihu.

Jiya da hantsi suka zo suka tafi da shi. Ina shago. Haka na gaya wa kowa, kuma gaskiya ne, ina shago.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda na riƙe shi da hannuna. Ba irin kalkuletar da nake sayar wa masu shinkafa ba ce. Baƙa ce, ta fi tafin hannu tsawo, gilashinta ya kai kwalin ashana biyu, batir huɗu ƙanana take ci. A wani horo na malamai aka ba shi. Ba amsa kawai take bayarwa ba, zane take yi. Ka rubuta abin da suke kira sayin, ka danna maɓalli, sai layi ya taso daga hagu ya hau a hankali, ya sauko, ya nutse ƙasa, ya dawo daidai tsayin da ya fara. Kamar kana kallon kwalekwale daga kan gada.

Da ita yake koya wa 'yata Yusrah, da za ta zana jarrabawar gama sakandare a watan Mayu. Kullum yamma a bakin zaure, ita a tabarma, shi a benci, Gogo a gefe tana tsintar wake. Yarinyar da ke ciwon kai in an ambaci lissafi, sai ga ta tana tare ni tun ban cire takalmi ba: "Abba, ka san kosayin daga sama yake farawa?" In ce na sani mana. Ni da lissafi a aji huɗu muka rabu, ba wanda ya sake neman wani.

A kasuwa Injiniya ake ce mini. Shekara sha tara ina sayar da caja da batir da rimot, ina buɗe bayan rediyo in hura in rufe. Ba a taɓa ajiye abu mai waya a teburina na ce ban san shi ba. In na ce ban sani ba, Muktar na shagon gefe zai sani, mai sayen ya koma can.

Gogo ta tare ni a tsakar gida. "Jibrilla, ɗana, can wurin suna ba shi abinci? Hamman ba ya cin yaji."

Na ce suna ba shi, kuma ba yaji. Ko wannan ma na sani.

Laraba, 19 ga wata, azahar

Zubair ya wuce ta gaban shago sau biyu. Duka biyun na sunkuya ina neman abin da bai faɗi ba.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar

Na gano inda yake. Ba zan rubuta sunan wurin ba, gida ne mai buhunan yashi a ƙofa. Awa uku na yi a benci kafin a shigar da ni wajen ogan da ke riƙe da maganar. Ba mugu ba ne. Idonsa dai kamar wanda ya yi mako bai ga katifa ba. Kalkuletar na gefen teburinsa a cikin bokitin yashi, an zare mata batir duka, har ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo da ke can ciki.

Na buɗe baki na yi abin da na iya. "Ranka ya daɗe, wannan abin ko sauro ba ya kashewa. Mutumin nan malamin makaranta ne, ko kaza aka yanka juya baya yake."

Ya ce, "Duk wanda aka kawo nan malamin makaranta ne. Ina takardarsa?"

"Tana Gulak."

"To je ka ɗauko."

Ya buɗe fayil, ya ɗora yatsa. "Nan an rubuta wani masanin kayan lantarki ya duba, ya tabbatar na'urar aika sigina ce. Kai ka ce ta lissafi ce. Kawo wanda zai kunna ta a gabana ya nuna mini lissafin. Mai ita dai ba zai taɓa ta ba."

Ban tambayi sunan masanin ba. A irin wurin nan ba ladabi ba ne mutum ya cika tambaya.

Juma'a, 21 ga wata, bayan masallaci

Zubair ya same ni wajen takalma. "Injiniya! Ka ga aiki ko? Oga ya yaba fa. Kai dai no wahala, ni ban sa suna ba, cewa kawai na yi..."

Na ce, Zubair, wayar nan taka ba ta son sabuwar caja? Na kai shi shago na ba shi mai kyau, ta cikin kwali, ba ta kan igiya ba. Ya tafi yana sa mini albarka.

Litinin, 24 ga wata, kafin magariba

Uwar Yusrah ta ce 'yarta ba za ta shiga gidan yashi ba. Yusrah ta ce, "Umma, sau ɗari na yi shi. In ban je ba wa zai je? Abba?" Aka yi dariya kaɗan. Ni ma na yi.

Muka tafi ni da Yusrah, da batir huɗu sababbi. Oga ya ja kujerarsa baya har ta taɓa bango, mutum biyu suka tsaya a ƙofa. Ta sa batir, ta kunna. Ta ce duk abin da Malam ya ajiye ya goge, amma ba komai. Ta rubuta sayin. Ta shiga inda ake gaya wa na'urar iyakar zanen, wurin da Malam ke kira taga: hagu sifili, dama ɗari uku da sittin, biyu sama, biyu ƙasa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Yallaɓai, yanzu layi ɗaya zai hau ya sauka, ya nutse ya dawo."

Ta danna.

Abin da ya fito ba layin Malam ba ne. Tsinaye ne, sama ƙasa sama ƙasa, a cunkushe kamar haƙoran zarto, har gilashin ya yi baƙi. Irin abin da ake nunawa a fim in ana satar jin wayar mutum. Ko ni da na san komai sai da na ja da baya.

Oga ya ce, "Wannan ne lissafin?"

Ta goge ta sake. Haka. Ta sake. Haka.

"Kashe."

Da kansa ya zare batir ya mayar da ita cikin yashi. Ya ƙara layi biyu a fayil. Ya ce Laraba ta mako mai zuwa mota za ta wuce da waɗanda ba a gama da su ba, kuma inda za su ba shi da hannu a can. Na roƙa, na kira shi da duk sarautar da na sani. Ya ce mu dawo Talata, sau ɗaya.

A keke Yusrah ta ce, "Abba, ni na ƙara masa."

Na ce ba ke ba ce.

Ta ce, "To wa?"

Na ce wa mai keke ya bi ta bayan kasuwa, hanyar ta fi sauƙi.

Talata, 25 ga wata, da safe

Yusrah ba ta je makaranta ba. Gogo ta wanke rigar Hamman ɗaya da ta rage, wadda dama a wanke take.

Alhamis, 27 ga wata, bayan la'asar

Gogo ce ta tuna. Ta ce horon nan su biyu suka je, shi da Malam Zadok da suke koyarwa tare, kuma ta ji yana Sangere wajen 'yan'uwansa. Muka tafi ni da Yusrah. A gada aka sauke mu, muka taka hannu sama, aka buɗe jakar makarantarta aka zazzage.

Mun same shi a wani ɗakin ɗalibai, ƙafarsa a ɗaure da karan ɗori. A dutse ya karye ranar gudu. Tasa kalkuletar tana can cikin durowar ofis, in ofishin na nan. Da ya ji an kama Hamman sai ya nemi tashi, ƙafar ta zaunar da shi.

Yusrah ta zana masa haƙoran zarton a bayan littafi. Kallo ɗaya ya yi.

"Sun cire ƙaramin batir?"

"Sun cire."

"Shi ke nan. 'Yata, ba ki yi kuskure a sayin ba." Ya juyo gare ni. "Kai ɗan kasuwa ne, za ka gane. Hatsi ɗaya ne, wani ya auna da gwangwani, wani ya auna da tiya. Zagaye ɗaya, mu a makaranta digiri ɗari uku da sittin muke ce masa. Ita na'urar tana da wani ma'auni, radiyan, a wurinsa zagayen shida ne da ɗan kai. In aka zare batir duka sai ta manta da namu ta koma nata. Ke kin buɗe taga har ɗari uku da sittin, ita tana ƙirga da babban ma'auni, sai ta yi miki zagaye hamsin da bakwai a ɗan gilashin nan. Dole ya zama zarto."

Yusrah ta ce, "Malam bai taɓa nuna mini ba."

"Don bai taɓa barin ta mutu ba. Shekara uku yana canza batir ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jariri wanka."

Ya zana mata maɓallin, na biyu a sahun sama, layi na uku, ki matsa dama, ki danna. Ya sa ta maimaita sau biyar da baki. Da za mu fito ya riƙe hannuna.

"Amma wane jahili ne ya ce musu sigina ce? Kalkuleta fa. Ko eriya ba ta da."

Na ce ai ka san mutanen kasuwa.

Ya ce, "Allah ya shirye shi."

Na ce amin. Yusrah ma ta ce amin, da ƙarfi.

Asabar, 29 ga wata, azahar

Yau mako biyu daidai. Irin wannan lokacin.

Malam ya zo shago canza batir, aka kira salla, ya bar ta a teburina a kunne ya tafi alwala. Layi biyu ne a gilashin, suna hawa suna sauka suna ratsa juna. Zubair na cajin waya. Mutum biyar a benci, ana maganar Mubi, ana cewa mayaƙan sun shigo gari cikin 'yan gudun hijira, ba a gane su. Zubair ya ɗauka ya juya ta. Ya ce, "Injiniya, wannan fa na mene ne?" Duk suka juyo. Muktar ya leƙo daga shagonsa, na ga bakinsa ya fara buɗewa.

Kalma uku ce ta kamata: ban sani ba. Na faɗi wajen ashirin, har da maganar sigina, har da kashe ido.

An yi dariya. Ni dai na ji an yi dariya. Yanzu da nake lissafa fuskokin, huɗu ne suka yi.

Litinin, 1 ga Disamba, da hantsi

Gogo ta ce, "Yusrah ta gaya mini kai ne kake ta gudu sama da ƙasa. Useko, na gode, ɗana. Ko ɗan cikina iyaka ke nan." Na ce ina sauri.

Talata, 2 ga wata, kafin magariba

A gaban oga Yusrah ta sa batir. Kafin komai ta danna maɓallin da Zadok ya zana, ta juya gilashin wajen oga. "Yallaɓai, ka ga nan? Rannan tana kan wannan ne. Yanzu na mayar da ita digiri." Ta gyara taga. Ta danna.

Layin ya taso daga hagu. Ya hau, ya sauka, ya nutse, ya dawo. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, kuma na je Legas.

Oga ya matso da kujera. Ta ce ya buɗe littafin makarantarta shafi kaza, ya buɗe, ga zanen nan iri ɗaya, Bature ya buga shi tun kafin a haife ta. Ta yi masa kosayin, ya faro daga sama. Ta sa biyu a gaban sayin, tudun ya ninka tsawo. Ta mayar da ita radiyan da gangan, zarton ya dawo, ta sake mayarwa, ya tafi. Ɗaya daga cikin na bakin ƙofa ya ce su ma an yi musu wannan a makaranta, shi dai ranar ba ya nan.

Oga ya ce, "Wannan maɓallin fa, tan?"

Ta yi masa. Layin ya miƙe sama ya fice daga gilashin, wani ya ɓullo daga ƙasa.

"Ina ya tafi?"

"A casa'in ba shi da amsa, yallaɓai. In ka tambaye ta tan casa'in sai ta rubuta maka ba ta da shi." Ta nuna masa. Ya yi murmushi, na farko da na gani.

Ya rufe littafin. Ya ce ya gamsu, shi a karan kansa. Amma fayil ba ya gamsuwa da murmushi. Maganar masani ce ta buɗe shi, maganar masanin ce za ta rufe shi. A kawo mutumin ya rubuta da hannunsa cewa ya janye, in ba haka ba gobe mota. Ya ce ya aika a tambayi Zubair, shi kuma Zubair ɗin ya ce ya manta ko wane ne.

Cajata ta yi aiki.

Yusrah ta juyo. "Abba, kai ka san kowa a kasuwa. Ka san shi?"

Fanka na juyawa. Na tuna na ga wayarta a buɗe a sama, har na yi tunanin in ce masa tana son tef.

Na ce, "Yallaɓai, ba ni biro."

Bai gane ba da farko. Da ya gane sai ya kalle ni yadda nake kallon batir da ya zubar da ruwa. Ya ce in rubuta abin da zai faɗa, na rubuta: ni Jibrilla, mai caja, ni na ce na'urar sigina ce, ban san ta ba, ban taɓa ganin irinta ba, ban san komai a kanta ba. Ya sa na karanta da ƙarfi. Ya sa na sake. Sannan ya zaunar da ni a ƙasa bakin ƙofa har la'asar, duk wanda ya shigo ya ce masa ga Injiniya.

Yusrah tana waje a benci duk tsawon lokacin. A keke ta zauna can ƙarshe, jakarta a tsakaninmu.

Laraba, 3 ga wata, azahar

An ce motar ta tashi. Ba wanda ya san su wa ke ciki.

Alhamis, 4 ga wata, da yamma

Na dawo na cire takalmi a zaure. Ba wanda ya tambaye ni ko na san wani abu.

Asabar, 6 ga wata, bayan la'asar

Malam ya dawo. Da ƙafarsa ya shigo, wandon na neman faɗuwa, yana taka ta hagu a hankali. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Gogo ta riƙe kansa tana magana da Fillanci tana kuka, ta ɗauko masa wankakkiyar rigar.

Ya ce ba zai kwana ba. Akwai ɗan'uwan mahaifiyarsa a Girei da ya ce su zo. Uwar Yusrah ta yi ta roƙo, ya ce an gode, an yi musu abin da ya fi ƙarfin godiya.

An ba shi kalkuletar, da yashi a tsakanin maɓallai. Ya hure ya miƙa wa Yusrah. "Ki riƙe har Mayu. In kin canza batir, ɗaya bayan ɗaya. In ta mutu, ki fara duba ma'auni kafin ki zargi kanki."

Na kai musu kaya bakin titi, kayan da hannu ɗaya ya isa. Gogo ta shiga keke. Shi ya tsaya.

"Oga ya karanta mini takardarka."

Na buɗe baki. Shekara sha tara bai taɓa ƙin fitar da wani abu ba.

Ya ce, "Ban gaya wa Gogo ba. Kai ma kada ka gaya mata. Ta rasa gida ɗaya bana, ya isa." Ya sa ƙafa a keke, ya juyo. "Batir ɗinka masu kyau ne, Injiniya."

Litinin, 8 ga wata, azahar

A kasuwa labari ya zaga cewa ni na shiga har gidan yashi na fito da malamin. Muktar ya saya mini shayi. Zubair ya zo ya ce shi dama tun farko bai yarda da maganar ba. Wani ya kawo wata na'urar awon jini ya ce in duba masa. Na ce ya kai kemis. Ya ce yau kuma Injiniya ba lafiya?

Alhamis, 11 ga wata, bayan la'asar

Yusrah na bakin zaure ita kaɗai, a tabarma, bencin ba kowa. Ina jin ƙarar maɓallai daga nan. Tana gaishe ni safe da yamma, cikakkiyar gaisuwa, irin wadda ake yi wa maƙwabci.

Ɗazu wani mai keke daga Girei ya kawo saƙo. Kwanon samirar Gogo ne, wanda ta ɗauko a ka kwana huɗu, cike da dakkere, da kindirmo a gora. Ta ce a ba ɗanta Jibrilla shi kaɗai, kada yara su taɓa.

Uwar Yusrah ta juye ta wanke kwanon, ta kife shi a gabana. Ta ce tsohuwar ba ta da wani, gobe Juma'a in mayar mata da kaina, kuma in tuna ba a mayar wa mutum kwano ba komai a ciki.

Shagona cike yake da kaya. To me ake zubawa a irin wannan kwanon?